Shekarar da Aka Zargi Maigidana da Kisa

Maigidana malamin dabbobi ne, ni kuma malamar firamare. A shekarar da abin ya faru muna zaune a wata unguwa da ke bayan babbar kasuwar Azare, a gidan da muka gina kaɗan-kaɗan, ɗakuna na bulo, katanga ta ƙasa. Kullum da safe yakan ɗaure jakar allurai a bayan babur ya shiga rugage, yau wajen Yana, gobe wajen Zadawa, ya dawo yana warin shanu. Yana jin Fulatanci kamar ɗan ruga, domin kakarsa ta wajen uwa ce ta rene shi. Mutum ne mai saurin fushi da saurin hucewa, mai ƙarar murya, mai son a zauna a yi hira a yi dariya. Wanda ya san shi daga baya zai ce ƙarya nake yi, amma haka yake a lokacin.

Maƙwabcinmu na jikin katanga wani Alhaji ne mai sayen riɗi da wake. Gidansa babba ne, yana zaune da iyalinsa da kuma ƙaninsa, wanda shi ma yake da mata da yara a sashe guda. Zaman lafiya muke yi. Hajiyar gidan, matar Alhaji, Yaya nake ce mata. Ita ta riƙe mini yara lokacin da na kwanta a asibiti, kuma ba ma dafa abin kirki mu ci ba mu miƙa musu ba. Sai Alhaji ya ɗaga gininsa ya yi sabon rufi, magina suka juyo indararo wajenmu. Ruwan sama ya fara cin gindin katangarmu. Maigidana ya yi masa magana, ya ce za a gyara. Damina ta wuce ba a gyara ba. Da ta zagayo, katangar banɗakinmu ta zube, muka kewaye wurin da zana.

Wata rana bayan la'asar suka yi cacar baki a ƙofar masallacin unguwa, a gaban jama'a. Daga tsakar gida ina jiyo muryar maigidana. Alhaji ya ce masa wanda ba shi da halin katangar siminti bai kamata ya zauna a cikin gari ba. Shi kuma ya ce, "Wallahi sai na yi maganinka." Ƙara yake nufi, wurin mai unguwa, in ba ta yi ba kotu. Da bakinsa ya faɗa mini haka yana cin tuwo, har yana yi wa kansa dariya, ya ce mutumin da aikinsa magani ne ai dole bakinsa ya karkata can.

Ba a yi mako ba aka tsinci gawar Alhaji a gonarsa ta hanyar Yana, a tsakiyar gero, an buge shi a ƙeya. Ƙaninsa ne ya gan shi da hantsi, ya dawo gari a guje yana salati. Babur ɗin Alhaji yana nan a gindin bishiya inda ya ajiye shi, wayarsa ce kawai ba a gani ba.

Ina aji aka zo aka faɗa mini. Na dawo na tarar layinmu cike da mutane, na shiga wurin Yaya na riƙe ta tana kuka. Wajen azahar na ji ƙarar babur ɗin maigidana, na leƙo. Daga ruga yake, inda wata saniya ta sha wahalar haihuwa har sai da ya sa hannu ya juyo ɗan maraƙin. Hannun rigarsa jini ne har gwiwar hannu. Ya kashe babur ya dubi taron ya ce, "Lafiya?" Na ga idanun mutane sun sauka a kan rigar, ɗaya bayan ɗaya, sai wani dattijo ya ja tabarmarsa baya kaɗan.

Da aka dawo da gawa daga asibiti, ya yi wanka ya sake kaya ya tafi jana'iza. Ya miƙa hannu zai kama makara, ƙanin mamacin ya buge hannun ya ce, "Kada ka taɓa shi." Bai ƙara komai ba, kuma bai buƙaci ƙarawa ba. Washegari da safe 'yan sanda suka zo suka tafi da maigidana.

Wanda aka ba binciken wani dogon mutum ne siriri, ba ɗan ƙasarmu ba, Hausarsa ta yamma ce. Ba ya sa kaki, kaftani yake sawa, kuma ba ya ɗaga murya. Ya zo ya yi sallama, na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na zauna daga bakin ƙofar ciki da mayafina.

Ya ce, "Malama, in ya yi fushi yakan ɗaga hannu?"

Na ce, "Bai taɓa ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Murya yake ɗagawa, ranka ya daɗe."

"Rigar da ya dawo da ita jiya fa?"

"Na jiƙa ta."

Ya kalli ƙofar waje. "Me ya sa kika yi saurin jiƙa ta?"

Na ce jini ne, in ya bushe ba ya fita, kuma haka nake yi tun da muka yi aure. Ya gyaɗa kai kamar ya yarda, ya sa na ɗauko ta da ruwanta, ya zuba a leda ya fita da ita a hannu. Duk mutanen da ke zaman makoki a ƙofar gidan Alhaji sun ga fitarsa da ledar.

Bayan 'yan kwanaki aka ba da belinsa. Ardon rugar da 'ya'yansa sun zo da kansu sun ce tun fitowar rana yana wurinsu, shi ne ma ya ceto musu saniyar. Na ɗauka magana ta ƙare. Amma a unguwa sai aka ce ai mutanensa ne, yarensu ɗaya, me zai hana su rufa masa asiri. Shi kuwa mai binciken bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Sai ya ci gaba da zuwa.

Yakan zo bayan la'asar, lokacin da kowa yake waje. Ya jingina babur ɗinsa a jikin ƙofarmu, ya shiga zaure, ya zauna a wuri guda kullum, yana fuskantar layi, kuma ba ya yarda a rufe ƙofa, wai zafi. Maigidana ya zauna a gabansa. Ni in kawo ruwa in koma bayan labule. Tambayoyin ba sa canjawa. Ta wace hanya ka bi? Wa ka gani? Da ka ce za ka yi maganinsa me kake nufi? Wani lokacin ma ba ya tambayar komai, sai ya shiga hirar farashin shanu ko ciwon huhun da ke kama su, idonsa yana waje. Ya sha ruwa ya yi godiya ya tafi, ya dawo jibi ko gata.

Wata rana maigidana ya ce masa, "Ranka ya daɗe, in da abin da kuke tuhumata da shi, ku kai ni kotu a yi ta ta ƙare."

Ya ce, "Bincike bai ƙare ba, Malam. Ka ƙara haƙuri."

Babur ɗin nan a ƙofar gidanmu shi ya yanke mana hukunci. Babu wanda ya zo ya ce mana ga abin da yake zargi. A masallaci sai ya ga an bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi a sahu. Majalisar ƙofar shagon tela, inda ya saba zama, in ya doso sai kowa ya tuna da wani aiki. Masu kiwo na cikin gari suka daina kiransa. A ofis aka ce ya dakata da fita rugage sai an ga yadda ta kaya, ya zama yana zuwa ya zauna a teburi ya dawo. Ni ma ban tsira ba. Wasu iyaye suka je wurin hedimasta suka ce a canja wa 'ya'yansu aji. Babbar 'yata ta dawo daga Islamiyya da hijabi a yage, ta ƙi faɗa mini abin da aka ce mata, ta ƙi komawa. Na aika wa Yaya da dambu ranar sadakar arba'in, aka dawo mini da shi ba a buɗe kwanon ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda tambayoyin suka shige shi. Mutumin da ya san inda yake a safiyar nan, yana da shaidu, sai ga shi ya zauna yana bin hanyar a ransa, yana maimaitawa a fili. Na fita ta nan, na sha mai a can, na gaisa da wane. Wata safiya ina shara ya ce mini, "Malama, ranar nan da zan fita, yaya kika ga fuskata?" Na ce kamar kullum. Ya ce, "Ki tuna sosai." Na ajiye tsintsiya na ce masa in ya sake yi mini irin wannan tambaya zan bar masa gidan. Ya daina yi mini, amma na san bai daina yi wa kansa ba. Da Babbar Sallah ta zo, shi da yake yanka wa rabin layinmu raguna ya feɗe musu yana tsokanar yara, babu wanda ya aiko. Namu ma kasawa ya yi. Ya ɗauki wuƙar ya juya ta, ya dubi ƙofa, ya ajiye, ya ce a kira mahauci.

Mahaifiyarsa tana Katagum, ta tsufa ƙwarai. Mun ɓoye mata, amma masu zuwa cin kasuwa sun kai mata labari, kuma sun kai shi da ƙari. Ta kwanta ciwo, muka tafi duba ta. Ta sa aka fitar da kowa daga ɗakin sai mu biyu. Ta kama hannunsa ta daɗe tana shafawa, sannan ta ce, "Ɗan nan, tsakaninka da Allah, kai ne?"

Ya ce, "Inna, ni kike tambaya?"

Ta ce, "An ce mini kullum ɗan sanda yana gidanka. In ba kai ba ne, me yake nema?"

Ya rantse mata. Ta ce to, Allah ya bayyana gaskiya, ta juya fuskarta wajen bango. Ban san abin da ta yarda da shi ba, shi ma bai sani ba, kuma ba za mu taɓa sani ba, domin kafin kaka ta shigo ta rasu. Daga unguwarmu ta Azare babu wanda ya taka zuwa ta'aziyya. Mutanen rugage ne suka zo, da ƙwaryar nono da fura, suka zauna tare da shi a ƙofar gida har aka yi sadakar uku.

Muka dawo, mai binciken ya zo ya yi masa gaisuwa, ya zauna a wurin zamansa.

A tsakanin nan ƙanin mamacin ya karɓi harkar riɗi. Da farko ya rame, ba ya haɗa ido da kowa, mutane suka ce baƙin cikin rashin ɗan'uwa ne. Da tafiya ta yi tafiya sai ya murmure. Ya koma zama a kujerar yayansa a ƙofar gida, yana amsa gaisuwa da ƙarfi. In mai binciken ya fito daga zaurenmu, shi ne yake tasowa ya tare shi ya ce, "Yallaɓai, har yanzu dai? Mu fa haƙurinmu ya kusa ƙarewa." Shi kuma ya ce masa an kusa.

Bayan an gama girbi, wata ranar kasuwa da rana tsaka, aka kama ƙanin mamacin a rumfar masu gyaran waya. Ya kai wayar yayansa a goge masa ita. Ashe tun farko an sanar da masu gyaran irin wayar da ake nema. Bai wahalar da kowa ba, ya faɗi komai. Gonar ta gadon ubansu ce, Alhaji ya ƙi a raba, shekara da shekaru yana ce masa ya jira. Safiyar nan ya bi shi gona don su yi magana ba a gaban mata ba, magana ta yi zafi, Alhaji ya juya masa baya, shi kuma ya ɗauki ƙotar fartanya. Wayar ta yi ƙara a aljihun gawar, ya firgita ya ɗauke ta, ya kashe, ya binne a buhun dusa. Ya ce da ya ga maƙwabci ya dawo da jini a riga, sai ya ga kamar Allah ne ya kawo masa mafita.

Mai binciken ya zo gidanmu zuwa na ƙarshe fuskarsa a sake, har da tsarabar lemo ga yara. A karon farko ya ce a rufe ƙofar zaure.

Ya ce, "Malam, alhamdu lillahi. Ni dai tun makon farko na san ba kai ba ne."

Maigidana ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun makon farko. Na je rugar da kaina, na ga saniyar da ɗanta, na yi magana da matan da suka ba ka ruwan wanke hannu. Jinin rigarka ma an duba, na dabba ne. Ƙanin mamacin kuwa tun ranar farko ya yi tuntuɓen baki. Ya ce mana bai taɓa gawar ba, daga nesa ya gani ya juyo, amma ya ce an fasa wa yayansa ƙeya. Gawar kuwa a rigingine take, cikin gero, ba a ga raunin ba sai da muka juya ta. Sai dai wannan ba ya isa a gaban alƙali. Dole ya saki jiki ya yi kuskure da kansa. Daga zauren nan naka kuwa ina ganin ƙofarsu sarai."

Ina bayan labule ina jin komai. Duk watannin nan ba mu yake kallo ba.

Maigidana ya ce, "Ko a kunne ai ka faɗa mini."

"Da na faɗa maka, da fuskarka ta nuna. Kai mutum ne da ba ka iya ɓoye abu, na lura da haka. Da ya ga ka sake, da ya jefa wayar a rijiya."

"Uwata ta mutu tana tambayata ko ni ne."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta. Amma ka duba, Malam, an kama mai laifi. Da ba mu bi ta nan ba, da har yau yana kan kujerar nan."

Ba ƙarya ya yi ba, abin da ya fi ɓata mini rai ke nan. Maigidana ya miƙe tsaye. Shi ma dole ya miƙe. Maigidana ya naɗe tabarmar tun baƙon bai gama sa takalmi ba, ya shigo cikin gida ya bar shi a tsaye.

Lokacin da nake kwaleji nakan ari littattafan Turanci na binciken kisa a laburare, in karanta su a kwance. A cikinsu akwai wanda ake fara zargi, kullum akwai shi, sai a tsakiyar littafi a gane ba shi ba ne a sake shi, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa. Ban taɓa tambayar kaina ina ya tafi ba, ko wa ya gaishe shi washegari.

Namu washegarin na gan shi. Mutane suka yi ta shigowa, fuska cike da fara'a, kowa yana cewa dama shi ya sani, dama bai taɓa yarda ba. Dattijon da ya ja tabarmarsa baya ya ce shi tun ranar ya ga alamar rashin gaskiya a idon ƙanin. Liman ya yi wa'azi a kan munanan zato bayan magariba, kowa ya gyaɗa kai kamar da mutanen wani gari ake. Tela ya aiko a ce wa Malam majalisa ta yi kewarsa. A cikinsu duka mutum ɗaya ce ta ce a yafe mata, Yaya. Ta shigo cikin kayan takaba, ta riga ta fita amma ba ta daina sa su ba, ta durƙusa a tsakar gidana tana kuka. Ita da aka kashe wa miji, kuma take bai wa wanda ya kashe shi abinci kullum a cikin gidanta. Na ɗaga ta, muka yi kuka tare. Ita na yafe mata har zuciyata.

An mayar da maigidana bakin aikinsa, masu kiwo suka dawo da kiransa, yana zuwa. Amma bai sake taka masallacin unguwa ba, yakan hau babur ya tafi wani can gaba inda ba a san shi ba. Da shekara ta zagayo ya nemi a mayar da shi Katagum, ni ma na nemi canji, muka sayar da gidan muka koma na mahaifiyarsa. Ɗakinta ya bar shi a rufe, shi yake share shi da kansa. Yanzu in ya yi magana sai ka matso. Ba ya musu da kowa, ko an taka shi sai ya ce ba komai. Mutanen Katagum suna yaba haƙurinsa, ni kuwa in na ji ana yabon sai in ji kamar in fasa ihu. Ƙananan yaranmu sun tashi sun san ubansu mai shiru ne. Babbar ce kaɗai take tuna wancan, kuma ba ta son a yi zancen.

Shekaru bayan haka na shigo Azare kai maƙwabciyata babban asibiti. Na fito ina neman keke napep a bakin ƙofa sai na ji an ce, "Malama!" Mai binciken nan ne. Ya yi ƙiba, gemunsa ya yi furfura, yana tare da wani abokin aikinsa cikin kaki. Ya gaishe ni da murna ta gaske, ya tambayi yara. Sannan ya juya ga abokin nasa ya ce, "Ka tuna aikin nan na mai riɗi da nake ba ku labari? To wannan ita ce matar malamin dabbobin. Mutanen kirki ne. Ba ƙaramin taimako suka yi mana ba."

Abokin ya dube ni da girmamawa ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Hajiya."

Na ce yauwa. Keke ya tsaya, na shiga. Ya leƙo ya ce, "Ki gaida mini Malam da kyau, ki ce ina nan ina tunawa da shi."

Na isa Katagum da yamma na tarar da shi a tsakar gida yana wanke allurai a cikin roba. Ya tambaye ni jikin maƙwabciya, na ce da sauƙi. Ya ce ko na ga wani wanda muka sani. Na ce ban ga kowa ba, na shiga na ɗora tukunya.